Deng Rong: 'Yar da Ta Zama Kunnen Mahaifinta

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Sin, mu duba rayuwar Deng Rong, 'yar Deng Xiaoping, jagoran da ya buɗe tattalin arzikin ƙasar daga 1978. Tarihinta ya shafe mu, domin ita ma alƙalami ta riƙe.

An haife ta a 1950 a birnin Chongqing, a gida kuma ana kiranta Maomao. Tana da shekara 16 aka fara Juyin Juya Halin Al'adu na Mao Zedong, a 1966. An tuɓe mahaifinta daga muƙamansa, a 1969 aka tura shi lardin Jiangxi yana aiki a masana'antar gyaran tarakta. Yayanta Deng Pufang ya faɗo daga bene a Jami'ar Beijing a 1968, lokacin da yake hannun matasan juyin, ƙafafunsa suka shanye. Ita kuwa aka kai ta ƙauye a lardin Shaanxi tana noma.

Da ƙura ta lafa ta karanci likitanci a Beijing, daga 1979 kuma ta yi aiki a ofishin jakadancin Sin da ke Amurka. Amma aikin da ya fito da ita shi ne zama kusa da mahaifinta bayan ya tsufa. Kunnensa ya yi nauyi, harshensa kuma na mutanen Sichuan ne, wanda ba kowa ke ganewa ba. A rangadin da ya yi a kudancin ƙasar a 1992, inda ya je Shenzhen da Zhuhai don farfaɗo da sauye-sauyen tattalin arziki, ita ce ke maimaita masa maganar mutane a kunne, ta kuma fayyace musu tasa.

A 1993 ta wallafa littafi kan mahaifinta, wanda ya tsaya a 1949, shekarar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin. A 2000, shekara uku bayan rasuwarsa, ta fitar da na biyu kan shekarun Juyin Al'adu. A nan muke ganin abin da takardun gwamnati ba sa adanawa: dattijo da ya haura sittin yana faskaren itace, yana yi wa ɗansa nakasasshe wanka.

Sai dai mu lura da inda alƙalaminta ya tsaya. Littattafan biyu ba su kai ga Yunin 1989 ba, lokacin da sojoji suka murƙushe masu zanga-zangar dandalin Tiananmen, alhali Deng ne shugaban hukumar sojan ƙasar. Ba su kuma rufe shekarun 1950 ba, lokacin da ya taka babbar rawa a kamfen ɗin 1957 na hukunta masana da aka zarga da sukar jam'iyya.

Da yawa cikinmu muna da burin rubuta tarihin iyayenmu, malamanmu ko sarakunanmu. Kusanci zai ba mu abin da baƙo ba zai samu ba, kuma shi ne zai riƙe mana hannu idan an zo wurin da ke da ɗaci. Kafin mu fara, mu tambayi kanmu a wace shekara za mu rufe littafin, kuma me ya sa. Mai karatu zai duba abin da muka tsallake kamar yadda zai duba abin da muka rubuta.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.