Wai Harshe Biyu Yana Rikita Yaro?

Jama'a, wannan zance tsoho ne, kuma yana da tarihi.

A ƙarni na 19, a wasu makarantun yankin Wales na Birtaniya, duk yaron da aka ji yana yaren gidansu sai a rataya masa katako a wuya. Wanda aka tashi da katakon a wuyansa, shi zai sha bulala. A 1923 wani masani, D. J. Saer, ya gwada yaran yankin, ya ce 'yan karkara masu harshe biyu ba su kai masu Turanci zalla kaifin basira ba. An daɗe ana kafa hujja da irin wannan bincike.

Sai a 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert na Jami'ar McGill suka yi nasu gwajin a birnin Montreal na Kanada, da yara 'yan shekara 10. Su kam sun kula da abin da na baya suka yi wa riƙon sakainar kashi: ba su gwada ɗan talaka da ɗan mai hali ba, sai tsara da tsara. Nan fa labari ya sha bamban, masu Faransanci da Turanci suka zarce masu Faransanci kaɗai. Ashe sau da yawa halin gida ake aunawa a da, ana ɗora wa harshe laifi.

To, iyayen da ke hana yara Hausa a gida don Turanci ya zauna, a sake tunani. Yaron da ya kasa gaida kakarsa ya yi asarar da makaranta ba za ta biya shi ba.

Wa ya taɓa biyan tarar "banakula" a aji?