Ɗigon Walda a Bakin Bindigar Amurka

Idan ka shiga shagon sayar da bindigogi a Amurka, ka ɗauki ƙirar AR-15 ka juya cikinta sama, sau da yawa za ka tarar da wani ɗan ɗigon walda a ƙarƙashin ƙarfen da aka murɗa a bakinta. Faɗinsa bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Wasu kamfanonin sukan goge shi su shafa masa baƙi, wasu kuma su bar shi a fili da gangan, don duk jami'in da ya duba ya gani da idonsa. A ƙarƙashin ɗigon akwai 'yar ƙusa da ta ratsa ƙarfen ta kama zaren bututun, aka rufe kanta da wuta. Ni walda ce sana'ata, a Kano na koye ta kafin abinci ya kawo ni jihar Ohayo, kuma kallo ɗaya ya ishi mai sana'a ya gane ba don ƙarfi aka yi ɗigon nan ba. Ƙarfen da aka ɗaure tamau ba ya buƙatarsa. Doka ce ta ajiye shi a wurin, dokar da ta haura shekara 90.

Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da giya, sai fataucinta ya koma hannun 'yan daba masu kuɗi da makamai. A watan Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bangon wani gareji a Chicago aka buɗe musu wuta da bindigar Thompson mai sarrafa kanta, kisan da aka ɗora alhakinsa a kan yaran Al Capone. Shekara huɗu bayan haka, a Miami, wani mai suna Giuseppe Zangara ya harbi Franklin Roosevelt da libarba kafin a rantsar da shi shugaban ƙasa. Ya kuskure shi, ya samu magajin garin Chicago, Anton Cermak, wanda raunin ya yi ajalinsa.

Antoni-janar na Roosevelt, Homer Cummings, shi ya kai ƙudirin doka majalisa. Ya san tsarin mulki zai ba shi wahala idan ya ce zai haramta makamai kai tsaye, sai ya biyo ta hanyar haraji, kamar yadda aka yi wa miyagun ƙwayoyi a dokar Harrison ta 1914. Duk mai son ɗaya daga cikin makaman da aka lissafa sai ya yi rajista, ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, ya biya dala 200, a manna masa kan sarki a takarda. Dala 200 a wancan zamani kusan kuɗin ita kanta Thompson ɗin ke nan, a kuɗin yau kuwa ta haura dala dubu huɗu. Talaka dai an sallame shi.

Ga inda labarin ya karkace. Ainihin abin da Cummings yake hari shi ne ƙananan bindigogi, fistol da libarba, waɗanda ake sokewa a ƙugu. Masu rubuta ƙudirin suka hango cewa idan aka tsaurara a kansu, mutum zai sayi doguwar bindiga ya sa zarto ya datse ta har ta shiga cikin riga. Sai suka toshe wannan kafar: duk doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 18 ba, ita ma ta shiga lissafi. Da aka zo muhawara, ƙungiyoyin masu bindiga, da NRA a cikinsu, suka yi tsayin daka har aka cire fistol da libarba gaba ɗaya. Sharaɗin tsawon bututu kuwa aka bar shi yadda yake, Roosevelt ya sa hannu a ranar 26 ga Yunin 1934. An kafa ƙofa an sa mata kwaɗo, aka fasa gina katangar. Tun daga ranar, ɗan Amurka yana iya sayen fistol da ke shigewa aljihu ba tare da wannan rajistar ba, amma bindigar kafaɗa da ta gaza da rabin inci tana iya kai shi gidan yari, a yau har shekara goma.

Kada a ɗauka barazanar baki ce. A 1938 aka kama Jack Miller da Frank Layton sun tsallaka daga Oklahoma zuwa Arkansas da bindigar farauta mai baki biyu da aka datse. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, babu lauyan da ya tsaya musu, kuma kafin a yanke hukunci a watan Mayun 1939 an tsinci gawar Miller da harbi a jikinsa. Kotun ta ba gwamnati gaskiya. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Ruby Ridge, jihar Idaho, a watan Agustan 1992. Tushen rigimar zargi ne cewa Randy Weaver ya sayar wa wani ɗan leƙen asirin ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, bindigogin farauta biyu da aka gajarta. Bai halarci kotu ba, jami'ai suka yi wa gidansa ƙawanya kwana 11. Matarsa ta mutu, ɗansa mai shekara 14 ya mutu, jami'i ɗaya ya mutu. Daga baya kotu ta wanke shi daga zargin bindigogin, gwamnati ta biya iyalin diyyar dala miliyan 3.1.

A 1960 majalisa ta rage ma'aunin bindigar harsashi zuwa inci 16, ta bar ta farauta a 18. Yadda ake aunawa ma a rubuce yake: a rufe bindiga ba harsashi, a zura sanda ta baki har ta tsaya, a yi alama, a auna. Abin da ake iya kwancewa da hannu ko da sifana ba ya cikin lissafi. Abin da aka maƙala dindindin yana ciki. Hukumar ATF ta amince da hanya uku: walda ta narke ƙarfe da ƙarfe, ko like da azurfa mai narkewa a zafin digiri 1,100 na ma'aunin Faranhait, ko ƙusar nan da aka rufe kanta da walda.

Abu biyu suka taru a 1994 suka mayar da ɗigon nan ruwan dare. Na farko, sojan Amurka ya karɓi bindigar M4 mai bututu inci 14 da rabi, farar hula kuma kowa yana son irin ta soja. Inci ɗaya da rabi ne ya tsaya a tsakani. Kamfanoni suka soma ƙera dogon ƙarfen baki mai ɓoye walƙiyar harbi, su maƙala shi dindindin, sanda ta nuna 16. Irin na soja na ainihi bai isa ya cike giɓin ba, shi ya sa za ka ga ana sayar da bututu mai inci 14.7, lissafin da ba maharbin da ya nema, lauya ne ya haife shi. Na biyu, a watan Satumbar shekarar Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade siffofin bindigogi masu kama da na yaƙi, ciki har da zaren bakin bututu. Aka riƙa rufe zaren da ƙarfe ana waldewa. Dokar ta ƙare a 2004, amma jihohi irin su New Jersey da Massachusetts suna da tasu makamanciyarta.

Abin da aka maƙala dindindin kuwa, wata rana sai an so cire shi. Wani yana son sauya mariƙin da ke rufe bututu, ƙarfen baki ya hana zobensa fita. Wani ya samu izinin salansa mai rage ƙarar harbi, bakin bai dace da shi ba. Ɗan wani aminina, haifaffen nan, ya taɓa shigowa wurin aikina da rabin bindigarsa a jaka, ta halal, da takardunta.

"Kawu, ɗan ɗigon nan kawai za ka goge min. Minti biyar ya ishe ka."

Na karɓa na duba, waldar mai tsafta ce, wanda ya yi ta ya san hannunsa. Na ce, "Bututun nawa ne ba ƙarfen?"

"Sha huɗu da rabi."

"To ɗana, mayar da ita jaka. Minti biyar ɗin gaskiya ne, abin da ke bayansa ne mai tsawo."

Ya ɗauka tsoro ne irin na baƙo. Na ce masa tun daga dokar 1968, mai karɓar bindigogin mutane yana gyarawa a matsayin sana'a sai da lasisin gwamnatin tarayya, ni kuwa ƙyamare da tirela nake waldawa. Sannan da zarar ƙarfen nan ya fita, aka mayar da rabin a jikin gindinsa mai majinginar kafaɗa, gajeriyar bindiga ce marar rajista a idon doka, ko da niyyar mai ita ya mayar da wani gobe da safe. Na tura shi wurin maƙerin bindiga mai lasisi, ya biya, aka sauya masa aka sake waldewa.

Su maƙeran nan suna da labarai a kan aikin gida. Ana kawo musu bututun da aka cinye zarensa, da wanda aka murɗa da ƙarfin tsiya ƙusa na ciki har ta yage shi, da wanda aka ƙona ya sauya launi. Wanda ya fi ba su haushi shi ne a karce leɓen bakin bututu, wurin da harsashi yake rabuwa da ƙarfe. Ɗan tabo a nan ya isa ya ɓata saiti. Mutum ya guji kuɗin gyara, ya ƙare da sayen sabon bututu.

A ganina dokar tsawon nan ta daɗe da rabuwa da dalilinta. Bututun da ya fi wannan gajarta, inci goma, idan aka haɗa shi ba majinginar kafaɗa sunansa fistol, dokar tarayya ba ta neman wannan rajistar a kansa. Majalisa ba ta taɓa ƙara dala 200 ɗin ba, hauhawar farashi ta yi ta cinye ta, har dokar kasafi da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da harajin gajeriyar bindiga da salansa sifili daga farkon 2026. Ba ta soke rajistar ba, ba ta taɓa ma'aunin inci 16 ba. Wanda ba ya son sunansa a kundin gwamnati, ko yake zaune a jiha irin New York ko New Jersey da suka hana farar hula gajeriyar bindiga, har yanzu mai ɗigon walda zai saya.