Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Noman Gargajiya a Indiya

Mu da muke auna hatsi a kasuwa mun fi kowa sanin shekarar da taki ya yi tsada. Manomi ya sauke buhu ya faɗi kuɗinsa, mai saye ta riƙe baki, mu da ke tsakiya mu sha baƙar magana. Shi ya sa a wannan bikin cikar shekara muka zaɓi mu kawo muku tarihin manoman Indiya, don su ma sun ɗanɗana tsadar taki.

Tsofaffin littattafan addinin Hindu ana kiran su Veda. Mafi daɗewa a ciki, Rigveda, ya haura shekara 3,000, kuma akwai maganar garma da shanun huɗa da ruwan sama a cikinsa. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce, wani masani mai suna Surapala ya rubuta Vrikshayurveda, wato ilimin lafiyar tsirrai. A ciki ya nuna yadda ake gyara iri kafin shuka, da yadda ake ruɓar da ragowar nama da kitse a ruwa su zama taki. Saniya abar girmamawa ce a addininsu, amma mu abin da ya shafi gona muke bi: kashinta da fitsarinta ba su taɓa zama shara a wurinsu ba.

A 1905 aka tura wani Bature ɗan Ingila, Albert Howard, ya koya musu noman zamani. Ƙarshenta shi ne ya koma ɗalibinsu. A garin Indore ya tsara yadda ake tara ganye da kara da kashin dabbobi da toka a rami, ana juyawa, cikin wata uku su zama taki. Littafin da ya fitar a 1940 yana cikin waɗanda suka kai wannan noma ƙasashen Turai.

To, me ya sa suka bar shi? Yunwa. An yi fari a 1965 da 1966, har sai da aka riƙa kawo musu alkama daga Amurka a jiragen ruwa. Gwamnati ta shigo da sabon irin alkama daga Meziko, da takin zamani da maganin feshi da ban ruwa. Tsakani da Allah, abinci ya wadata, musamman a jihar Punjab. Amma da tafiya ta yi nisa, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, gonaki suka gaji, ƙananan manoma suka shiga bashin taki da iri.

A nan mata suka shigo. A 1983 aka kafa ƙungiyar Deccan Development Society a yankin Zaheerabad. Matan karkara matalauta suka haɗu ƙungiya-ƙungiya, suka koma noman gero da dawa da wake a gona ɗaya, ba feshi. Iri kuwa a cikin toka da ganyen darbejiya suke adana shi, wadda ba ta da shi ta ara ta mayar bayan girbi. Ita wannan darbejiyar ta ƙofar gidajenmu ai asalinta daga can ne, zamanin Turawa aka kawo mana ita.

Wani manomi kuma, Subhash Palekar, ya yaɗa haɗin da suke kira jiwamrit: lita 200 na ruwa, kilo 10 na kashin shanu, lita 5 zuwa 10 na fitsarinsu, kilo 2 na mazarƙwaila, kilo 2 na garin wake, da ƙasar gona cikin tafin hannu. A bar shi a inuwa kwana biyu zuwa uku ana motsawa, ya ishi eka ɗaya. A 2016 jihar Andhra Pradesh ta fara koyar da wannan noma ta hannun ƙungiyoyin mata masu tara kuɗi suna ranta wa juna, irin namu.

Sai dai garaje ba ƙarfi ba ne. Jihar Sikkim ta ɗauki niyyar barin takin zamani a 2003, ba ta kammala ba sai 2016. Ƙasar Siri Lanka kuwa rana ɗaya ta hana shigo da shi a 2021. Shinkafa ta yi ƙaranci, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye dokar. Har gobe masu bincike a Indiya suna ja-in-ja kan ko amfanin wannan noma ya kai na takin kanti.

'Yan uwa, mu ma ba baƙin abin ba ne. Kakanninmu na kewayen Kano a mangala suke ɗora taki da toka kan jaki daga birni zuwa gona. Ba mu ce a watsar da takin zamani ba. Amma wadda ke da akuya ko saniya ta daina zubar da kashin, ta haƙa rami tun rani. Idan damina ta sauka a ware kunya goma a gwada, da kaka mu auna da tiyarmu mu ga bambanci.