Renault 5 GT Turbo: ƙarfin da samarin Faransa suka saya da araha

Tun a shekarar 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar turbo: hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya wata farfela, ita kuma ta tura iska mai yawa cikin injin, a ƙona mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai an daɗe kafin dabarar ta iso hannun talaka. Kamfanin Renault ya gwada ta a tseren Formule 1 a 1977, inda aka yi ta yi wa motarsa dariya saboda yawan lalacewa, har Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Dijon a 1979, bakin masu dariya ya mutu.

A 1985 aka fito da Renault 5 GT Turbo. Injinta tsoho ne, asalinsa tun 1962, lita 1,4 kacal, amma turbo ya kai shi ƙarfin doki 115 a cikin motar da ba ta kai tan ɗaya ba. Da irinta Alain Oreille ya lashe tseren Kodibuwa a 1989.

Tarihinta na gaske ya soma ne bayan an daina ƙera ta a 1991, lokacin da ta hannu ta yi araha, ƴaƴan ma'aikata suka iya saye. Sun gano cewa ƙarfin injin turbo yana rataye ne ga wani ɗan bawul mai sakin hayaƙi idan matsi ya yi yawa. In aka jinkirta buɗewarsa, iska ta ƙaru, dawakai su ƙaru, ba tare da an kashe kuɗin kirki ba. Daga nan sai a sa salansa mai faɗi don hayaƙi ya fita da sauri, ko da yake da yawansu ƙarar kawai suke so, maƙwabta kuwa su kwana ido biyu.

Arahar ta farko ce kawai. Iska ba tare da isasshen mai ba zafi take haifarwa. Gaskit ya ƙone, fistan ya narke, kuɗin da aka tsimi ya koma gareji. Wasu motocin kuma a bakin hanya suka ƙare, wani lokaci har da masu su. Shi ya sa a yau wadda ba a taɓa ba ta yi wuyar samu, masu tara tsofaffin motoci suna biyan ta da tsada.