Yadda cutar da ta daɗe a jiki ke lalata kuzarin ƙwayoyin garkuwa

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da likitoci ke kira ƙwayoyin T. Aikin wasunsu shi ne gano ƙwayar jikin da bairos ya shiga, su kashe ta. Idan cutar ta 'yan kwanaki ce, kamar mura ko ƙyanda, sukan gama aiki su koma hutu. Amma akwai bairos da ke zama shekara da shekaru, irin su na ciwon hanta B da C, da na ƙanjamau, wato SIDA. A nan ne ƙwayoyin T ke shiga halin da masana suka laƙaba wa suna “gajiya”: suna nan da rai, suna ganin abokin gaba, amma ƙarfin kai masa hari ya ragu.

Don gane dalili sai an san yadda ƙwaya ke samun kuzari. Hanya biyu ce. Ta farko kamar wutar gawayi take: ana ƙona sukari da mai sannu a hankali, da taimakon iskar oksijin, a cikin wasu 'yan murhuna da ake kira maitokondiriya. Kowane ƙwayar sukari guda na ba da kimanin 30 na sinadarin kuzari, ATP. Ta biyu wutar kara ce, mai saurin kamawa: ana farfasa sukari a wajen murhun, a sami ATP 2 kacal, amma cikin gaggawa, tare da kayan ginin sabbin ƙwayoyi. Ƙwayar T mai hutawa da gawayi take girki. Da zarar cuta ta shigo sai ta ƙara kara, ta hayayyafa. Bayan yaƙi, waɗanda suka rage don tuna cutar sukan koma ga gawayi.

Cuta mai daɗewa tana hana wannan komawar. An fara bayyana gajiyar a 1993, a ɓeraye, a ɗakin binciken Rolf Zinkernagel da ke Zurik. A 2006 ayarin Rafi Ahmed a jami'ar Emory ta Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin da suka gaji suna ɗauke da wani birki mai suna PD-1 da yawa, kuma idan aka toshe shi sukan ɗan farfaɗo. A shekarar ce aka ga irin haka a jinin masu ƙanjamau a Durban, Afirka ta Kudu. Bincike na baya ya nuna birkin yana taɓa murhun kansa: yana danne PGC-1α, sinadarin da ke ba da umarnin gina sabbin maitokondiriya.

Ciwon hanta B ne ya fi fito da abin fili. A 2016 masu bincike a Landan, ƙarƙashin Mala Maini, sun ga ƙwayoyin T da ke yaƙar wannan bairos suna buɗe ƙofofin shan sukari da yawa, amma murhunansu sun lalace, ba sa iya komawa ga gawayi. Shekara guda bayan haka ayarin Carlo Ferrari a Parma ta Italiya ya ga murhunan suna zubar da gurɓatattun sinadarai masu cutar da ƙwayar. Da aka ba su maganin da ke share waɗannan sinadarai, a cikin kwalbar gwaji, sai suka ɗan dawo aiki. Ita ma hanta ba wuri ne mai sauƙi ba, domin wasu ƙwayoyi a cikinta na cinye arjinin, abincin da ƙwayoyin T ke buƙata.

Ƙanjamau kuwa yana cin moriyar wutar. A 2019 Cibiyar Pasteur ta Paris ta nuna bairos ɗin ya fi kama ƙwayoyin CD4 masu yawan ƙona sukari, waɗanda wutarsu ke ci sosai.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ciwon hanta B mai daɗewa a 2022, kuma Afirka ce ke da mafi yawan sabbin kamuwa. Jaririn da ya kamu, cikin goma tara sukan rayu da cutar. Baligi kuwa galibi yana korar ta.

Wani zai ce to a ƙara sukari, ko a sayi “maganin ƙarin ƙarfi” na tasha. A ganina wannan kuskuren fahimta ne mai tsada: ƙwayar ba yunwa take ji ba, murhunta ne ya lalace saboda yaƙin da ba ya ƙarewa, kuma wasu jiƙe-jiƙen hantar suke ƙara wa nauyi. Abin da ke sassauta mata shi ne rage yawan bairos: tenofovir ko entecavir ga mai ciwon hanta B da likita ya ga ya cancanta, magungunan ARV ga mai ƙanjamau, da maganin mako 8 zuwa 12 da ke warkar da ciwon hanta C. Ko bayan warkewa daga C, an ga tabon gajiyar ya saura a wasu ƙwayoyin T. Allurar rigakafin B ta farko ana son a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.