Littafi Mai Tsarki a Kunne da Baki: Nazarin Matsayin Nassi a Rayuwar Ikilisiyoyi Masu Sujada da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake shiga harkokin yau da kullum na ikilisiyoyin da suka samo asali daga mishan a arewacin Nijeriya da yankin Maraɗi na Nijar. An bi diddigin tarihin fassarar, sannan aka ƙwanƙwance kalmomin da masu bi suke amfani da su a majami'a da gida da gona. Maƙalar tana ganin cewa darajar nassi a waɗannan ikilisiyoyi ta fi rataya ga ji da hadda da maimaitawa cikin jama'a fiye da karatun mutum shi kaɗai. Haka kuma kalmomin da aka fassara shi da su sun riga sun ɗauki ma'ana daga zaman tare da Musulmi, saboda haka rayuwar gari ita ma tana yi wa nassin sharhi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a sujadar Hausa ta ranar Lahadi, a majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN, ya san wani ɗan lokaci da ke zuwa kafin wa'azi. Mai karatu zai miƙe ya ambaci littafi da sura da aya, sai a ji ƙarar buɗe shafuka ta cika ɗaki. Amma idan wurin sananne ne, kafin ya kai ƙarshen ayar tsofaffin matan da ke gaba, waɗanda wasunsu ba su riƙe da littafi, sun riga sun ƙarasa masa da baki. Daga wannan ɗan abin lura tambayar maƙalar ta taso: ta wace ƙofa nassi yake shiga rayuwar mutanen da da yawansu Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su, kuma karatun boko bai wadaci kowa ba?

Lamin Sanneh, a littafinsa Translating the Message na 1989, ya kafa hujjar cewa fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan gida ta ɗaga darajar waɗannan harsuna, ta kuma ƙwace ikon fassara addini daga hannun Turawan mishan ta damƙa wa 'yan ƙasa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai a arewacin Nijeriya tana bukatar gyara. Birom da Angas da Tangale da Bajju da Bura da Margi da Bachama sun fara samun cikakken littafin ne da harshen kasuwa da mulki, harshen maƙwabtansu Musulmi. Barbara Cooper, a bincikenta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta ware babi guda ga kalmomin ibada na Hausa, wani kuma ga dattijantaka da aure da horo a ikilisiya. A kan wannan turba maƙalar ta ɗora.

2.0 Yadda Littafin Ya Iso

Aikin ya fara ne nesa da ƙasar Hausa. J. F. Schön, ɗan mishan na CMS da ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841, shi ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Babban madogararsa wajen harshen shi ne Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, kuma sunan da aka fi haɗa shi da shi shi ne na Dokta Walter Miller, wanda ya zauna birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ɗin ya koma Wusasa.

A tsakanin nan mishan-mishan sun bazu. SIM ta fara yunƙurinta a 1893, daga gare ta ECWA ta fito a 1954. SUM ta sauka Wase a 1904. Mishan na 'Yan'uwa ya kafa sansani a Garkiɗa a 1923, shi ne tushen EYN. Da yake ba su da ƙarfin fassara littafin zuwa kowane harshe na tsaunuka da kwaruruka, sai Hausa ta zame musu igiyar ɗaure kaya. Ajin baftisma ya zama ajin koyon karatu, makarantun Littafi Mai Tsarki na ƙauye suka riƙa yaye masu bishara da Hausa, Littafin Waƙoƙi kuma ya bi su duk inda suka je. A 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da sabuwar fassara, wadda za a dawo kanta a gaba.

3.0 Kalmomin da Aka Tarar

Mafassaran ba su sami harshe fanko ba. Sun tarar da Allah da Ubangiji da annabi da mala'ika da Shaiɗan da zunubi da tuba da gafara da azumi, duk da ma'anonin da ƙarnoni na karatun allo da wa'azin malamai suka ɗora musu. Har rabe-raben littafin da sura da aya ake kiran su, Zabura da Linjila kuma sunaye ne da kowane almajiri ya sani. Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne inda aka ɗauki kalma aka karkata ta, da inda aka ƙi ta gaba ɗaya.

Sujada a bakin Musulmi ita ce sa goshi a ƙasa. A bakin Kirista ta zama dukan taron ibada, daga waƙar buɗewa har albarkar rufewa, ko da ba wanda ya durƙusa. Salla kuwa an bar wa masu ita, aka riƙe addu'a. Ceto a fahimtar Bahaushe Musulmi abu ne na ranar tsayuwa, wato roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa. A ikilisiya an mai da shi abin da mutum yake cewa ya samu tun yana raye. Wajen imani an fi son bangaskiya, kalmar da aka gina daga "ba da gaskiya", wadda Bahaushe ke faɗa idan ya yarda da maganar mutum. Sunan Isa ma an kauce masa aka zaɓi Yesu, zaɓin da ya ja iyaka tsakanin al'ummomin biyu a daidai wurin da suka fi kusa da juna.

Kalmar da ta fi kowace nuna yadda gari yake yi wa nassi sharhi ita ce alheri. A tauhidin Bulus ana nufin baiwar Allah da mutum bai cancanta ba. A titi kuwa alheri shi ne abin da babba ya yi wa ƙarami, ko maƙwabci ya yi wa maƙwabci, kuma kowa ya san yana jawo godiya da biyayya, har Hausawa suka ce alheri danƙo ne. Mai sauraro ba ya ajiye wannan ma'ana a ƙofar majami'a. Idan fasto ya yi wa'azin alheri, abin da jama'a suka fi ji shi ne bashin godiya da ke kansu. A ganina wannan ba gurɓata koyarwar ba ne. Shi ya sa godiya ta zama ginshiƙin ibadar waɗannan ikilisiyoyi, har ta zama sunan yanka: Godiya, Alheri, Murna.

4.0 Kunne Kafin Ido

A rubuce, ikon fassara nassi yana hannun fasto da dattawan ikilisiya, waɗanda a yawancin waɗannan ɗariku maza ne. A aikace, Zumuntar Mata ce take kai nassin cikin gidaje. Matan suna taruwa a tsakiyar mako, su haddace aya, a tambayi kowace ta kawo tata. Daga nan sai ayar ta koma waƙa, mai bayarwa ta bayar, saura su amsa, ana buga tulu da ganga da kacau-kacau. Waƙar da aka koya ranar zumunta ita za a ji a bakin rijiya da wajen surfe, ita kuma za a rera a gidan haihuwa da gidan makoki, inda matan suke zuwa cikin anko ɗauke da itace da hatsi.

Wannan yana da sakamako a kan irin sassan da suke rayuwa a bakin jama'a. Labari da zance mai kama da karin magana sun fi saurin kama kunne fiye da doguwar hujja. Yusufu da 'yan'uwansa, Rut da surukarta, Hannatu da kishiyarta, ɗan da ya ɓatar da gadonsa, duk labarai ne da mace a ƙauyen Kaltungo ko Kagoro ba ta bukatar a yi mata bayanin yanayinsu, don ta san kishi, ta san kala a gonar wani, ta san gorin rashin haihuwa. Wasiƙar Romawa kuwa, duk da matsayinta a makarantun tauhidi, ayoyi ɗaiɗai ake tsinka daga cikinta.

Ba banza ba fassarar 1979 ta sauya sunan littafin Misalai zuwa Karin Magana. Haka ake amfani da aya a zaman sulhu: dattijo ya jefa ta a ƙarshen zance kamar yadda kakansa zai jefa karin magana, ba a yi mata gardama, sai dai a kawo wata ayar da za ta rinjaye ta. Illar wannan a fili take. Ayar da aka cire daga mahallinta tana iya zama sanda a hannun mai ƙarfi, kuma sau da yawa matar da ta kawo ƙarar miji da ayar biyayya ake sallamar ta, ba a karanta wadda ke biye da ita, mai magana a kan haƙƙin da ke wuyan mijin.

5.0 Gona, Aure da Makoki

Kiristocin arewa suna kiran kashi ɗaya bisa goma da suke bayarwa zakka, suna bambanta ta da baiko. Ga ma'aikacin albashi lissafin ya sha bamban da na Musulunci, inda zakkar kuɗi take ɗaya bisa arba'in. Amma ga manomi abin ya zo daidai, domin amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitar masa a fiƙihu. Dami ɗaya cikin goma ne a gidan Musulmi da gidan Kirista. Saboda haka idan aka karanta sura ta 3 ta littafin Malakai a ranar godiyar kaka, aka jera damman dawa da buhunan masara da kaji a gaban bagade, manomin yana jin umarnin ne a matsayin abin da duk mai tsoron Allah a garin yake yi.

Aure ya fi wuya. Mai karatu yana ganin Ibrahim da Yakubu da Dauda da mata fiye da ɗaya, ga kuma wasiƙun Bulus ga Timoti da Titus da suka shardanta mace ɗaya ga shugaban ikilisiya. Mishan sun faɗaɗa wannan sharaɗi ya hau kan kowane mai baftisma. Wanda ya ƙara aure sai a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji, a wasu wuraren har a ware masa benci a baya. Dattawan da suka san Tsohon Alkawari da ka sun daɗe suna tambayar dalili, kuma ba da Turanci suka koyi tambayar ba, daga littafin da aka ba su suka tsamo ta. A nan hujjar Sanneh ta tsaya da ƙafarta.

A makoki kuwa kalmomin al'ummomin biyu sukan haɗu a tabarma ɗaya. Ana karanta Ayuba da Zabura ta 90, maƙwabci Musulmi ya shigo ya ce a yi haƙuri, kuma haƙurin Ayuba abu ne da duka suka sani. An yi wa wannan haƙuri gwaji mai tsanani a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne, aka kuma mamaye hedkwatar ɗarikar a Kwarhi har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. EYN ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga mishan ɗin da ya haife ta, tana dogara da Huɗubar Kan Dutse. A sauran ikilisiyoyin arewa an yi ta kawo labarin Nehemiya, wanda maginansa suka yi aiki da makami a kusa, don kare ra'ayin tsaron kai. Ɓangarorin biyu da aya suke magana. Nassin bai yanke musu hukunci ba, amma shi ya ba su harshen da suka yi gardamar da shi.

6.0 Fassara Ta Sauya, Kunne Bai Sauya Ba

Yau majami'u da yawa a Jos da Kaduna da Gombe suna yin sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, kuma matasa sun fi cika ta farko, da littafinsu a cikin waya. Ta ɗaya gefen, cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos, wadda aka kafa a 1976, tana aikin mai da nassi zuwa harsunan uwa. Hausar majami'a tana tsakanin waɗannan biyun, amma ita ce har yanzu harshen Zumuntar Mata da na jana'iza, ko a gidajen da 'ya'ya ba sa jin ta sosai.

Ƙarfin kunne ya fi bayyana a yadda aka karɓi fassarar 1979. Ta gyara Hausar 1932, ta kuma kusanto da wasu sunaye ga yadda Hausawa suka san su: Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya, Linjilar Yohanna ta zama ta Yahaya. Ta fuskar harshe gyaran yana da hujja. Sai dai waɗanda suka haddace ayoyinsu da tsohon lafazi ba su sake hadda ba, waƙoƙin da aka gina a kansa ma ba a sake su ba. Mai karatu zai duba shafin da aka rubuta Yahaya, bakinsa ya ce Yohanna, iyaye kuma suka ci gaba da raɗa wa 'ya'yansu Yohanna. Da ƙungiyar Biblica ta fitar da fassararta mai suna Sabon Rai Don Kowa, Yohanna ta rubuta.