Maganar Hannu Ta Riga Makaranta Zuwa

Tun kafin a gina ajin kurame na farko a Najeriya, bebayen ƙasar Hausa suna da harshensu. Maganar hannu ake ce masa. Da shi suke ciniki a kasuwa, da shi suke neman aure, kuma masu ji da dama sun iya shi daidai gwargwado. A Kano har sarkin bebaye akwai, kamar yadda ake da sarkin makafi.

Karatun boko na kurame kuwa daga Kudu ya faro. An buɗe makarantar Wesley a Legas a 1958. A 1960 Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar da shi yana yaro, ya kafa makaranta a Ibadan, bayan wadda ya buɗe a Gana a 1957. Daga baya aikinsa ya kai Enugu da Kaduna. Foster ɗan mishan ne, kuma da maganar hannu irin ta Amurka ya zo. Ɗalibansa suka zama malamai, suka yaɗa ta a makarantun ƙasar nan.

A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Yaran da suka shige ta sun samu karatu da rubutu da sana'a, alherin da ba a mantawa. Sai dai alamun da aka koya musu na Amurka ne, an ɗora su a kan Turanci. Yaro ya dawo hutu da harshen da mahaifiyarsa ba ta sani ba, na gida kuma ya fara yi masa kallon ƙauyanci. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da bebayen Kano, ta fitar da littafi a shekarar 2000 wanda ya nuna cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta.

Wannan tarihi ya shafi arewacin Zamfara kai-tsaye, domin sanƙarau da ƙyanda na cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Wadda ta ɓarke a ƙarshen 2016 kuwa a Ƙaramar Hukumar Zurmi aka fara ganinta, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Cikin yaran da suka tashi daga ciwon akwai waɗanda kunnensu ya tafi. Irin wannan yaro a Shinkafi ko Ƙauran Namoda yakan koma firamaren unguwa ya tarar malami na magana da baki kawai. Makarantun kurame a manyan birane suke, galibi na kwana, ga hanya ba tsaro. A 2021 ma sai da satar ɗalibai ta sa gwamnatin jihar ta rufe makarantu.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. Cika wannan alkawari a ƙauye ba sai an jira ginin sabuwar makaranta ba. A kasuwannin waɗannan garuruwa akwai manyan bebaye, teloli da kafintoci, da suka ƙware a maganar hannu. Idan aka ware aji ɗaya a firamaren gari, aka haɗa malami da ɗayansu, aka biya shi, yaro zai fara karatu da harshen da ake yi masa a gida, ya ƙara da na makaranta daga baya.